Wace Ce Ta Haɗa Man da Ke Cikin Robar Nan?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugabar taro, uwarmu kuma uwar wannan ƙungiya ta masu gyaran fuska da jiki, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mataimakiyarta, da sakatariya, da sauran shugabannin da ke zaune a babban teburi. Wakilin ma'aikatar lafiya, wanda ya ajiye aikin gabansa ya amsa gayyatarmu. Mai kantin magani na bakin titinmu, wanda muke damunsa da tambaya safe da yamma bai taɓa ɗaure mana fuska ba. Babbar baƙuwarmu, likitar fata, wadda kuke ganin jakarta a kan kujera ita kuwa babu ita, kada ku damu, ba tafiya ta yi ba, zan faɗa muku inda take kafin in sauka. Iyayenmu a sana'a, waɗanda suka riga mu riƙe auduga. Abokan aikina masu shaguna manya da ƙanana. Ɗalibanmu da za su karɓi takardar shaida yau, da iyayensu da mazajensu da suka rako su. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku sallama ta girmamawa, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama, alhali sun san halina, sun san ba a banza 'yan layinmu suke kirana Goggo Barkono ba. Ina godiya ga duk wadda ta rufe shagonta yau ta zo ta zauna a kan wannan kujerar roba mai sa ciwon baya domin ta saurare ni.

An rubuta a tsarin taro cewa zan yi jawabi a kan kula da ƙurajen fuska, a shago da kuma a gida. Da safe sakatariya ta ja ni gefe ta ce, "Goggo, don Allah ki sassauta, akwai baƙi." Na ce mata na ji. Ban ce mata na yarda ba. Zan yi jawabin da aka sa ni, ba zan rage komai ba, amma ku sani da fushi na hau wannan dandamali, kuma ga dalilin fushin a hannuna.

Ku dube ta da kyau. 'Yar farar roba ce mai shuɗin murfi, irin wadda kowaccenmu take saye a wurin dillali ɗaya. Babu sunan mai shago a jikinta, babu sunan abin da aka zuba a ciki, babu ranar da aka haɗa shi. Abu ɗaya ne kawai a kan murfin, shi ne tambarin ƙungiyarmu, wannan 'yar sitika mai ruwan zinariya da muke ba kowace mamba don mai saye ta kwantar da hankalinta. A ɗakin 'yar wana na ɗauko ta, yarinyar da na goya, na raina, na aurar. A gida muna ce mata Fara'a. Malamar firamare ce, tana ɗauke da cikin da aka daɗe ana roƙon Allah a kansa, kuma ta shafa abin da ke cikin robar nan a fuskarta safe da dare har ya kusa ƙarewa. Yau likita tana so ta san abin da aka zuba a ciki, domin ta san ko ya taɓa ɗan da ke cikin yarinyar. Ni ban sani ba, Fara'a ba ta sani ba, likita ba ta sani ba. Wadda ta sani tana cikin zauren nan, tana jina. Zan ajiye robar a nan gaban shugaba, in yi aikin da aka sa ni, sannan in dawo kanta.

Batu na farko, ƙurajen fuska ba iri ɗaya ba ne, kuma duk wadda ta ce tana da mai guda ɗaya da yake maganin kowane ƙurji, ko dai ba ta san ƙurji ba, ko kuma ba ta san tsoron Allah ba. Akwai masu baƙin kai da suke taruwa a hanci da haɓa, waɗanda mutane suke zaton datti ne, alhali maiƙo ne da matacciyar fata suka toshe ƙofar gashi, iska ta buga su suka yi baƙi. Akwai masu farin kai, ƙanana a rufe, da ba sa ciwo sai dai hannu ya ji su. Akwai jajaye masu zafi, wasu da ruwa a kansu. Akwai waɗanda man gashi yake jerawa a goshi, daidai inda ɗankwali yake zama, waɗanda maganinsu ya fara daga canza man kitso. Akwai manya masu zurfi, da suke kwanciya a ƙarƙashin fata kamar maruru, su yi makonni ba su yi baki ba, su tafi su bar rami. Akwai kuma waɗanda suke bin muƙamuƙi da haɓa, suna zuwa da al'ada, suna zuwa da ciki, waɗanda tushensu yana cikin jiki, fuska allo ce kawai da suke rubutu a kai.

Ɗalibai, ku buɗe kunnenku, don ku nake wannan lissafi. Ta yaya za ki bambanta su in ba ki ga fuskar ba? Ta yaya za ki san abin da ya kawo su in ba ki yi tambaya ba? Kafin ki jiƙa auduga, kafin ki kunna tukunyar turara fuska, ki zaunar da mace a bakin taga inda haske yake, ki dube ta, ki tambaye ta. Me kike shafawa yanzu? Akwai maganin da kike sha? Kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina neman ciki? Wannan ta ƙarshe ita ce take yi wa yara nauyin baki, su ce kunya suke ji. Ki ji kunyar a gida. A shago, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka Fara'a ta zo mini, ƙuraje sun yi mata layi daga kunne zuwa haɓa. Ta zauna a kujerar aikina, ta ajiye littattafan yaran da take dubawa a kan cinya, ta ce, "Goggo, ki taimake ni, jiya wani yaro a aji ya ɗaga hannu, na zaci amsa zai bayar, sai ya ce, Malama, sauro ne ya cije ki?" Muka yi dariya. Na dube ta a haske, na yi mata tambayoyina kamar yadda nake yi wa baƙuwa, sai ta sunkuyar da kai a ta ƙarshe, na gane. Na ce mata, "Alhamdu lillahi. To ki ji, babu abin da zan shafa miki daga kan kantar nan. Ki wanke fuska a hankali, ki bar hannunki ya huta, ranar awo ki nuna wa likita, ita ta san wanda bai cutar da mai ciki." Ta ce, "Haba Goggo, ki gyara fuskar 'ya'yan wasu ki bar tawa?" Na ce, "Na bar taki." Ta fita tana kumbure-kumbure. Ko yau ta dawo, amsar da zan ba ta ke nan.

Batu na biyu, abin da ake yi a gida, kuma a nan iyaye da mazaje, da ku nake. Kula da ƙuraje a gida ba shi da wuya, rashin haƙurinmu ne ya mai da shi wuya. A wanke fuska safe da dare da sabulu marar kaifi, da tafin hannu, ba da soso ba, domin fuska ba gindin tukunya ba ce. A tsane ta da tawul mai tsabta wanda ba na gida duka ba. A shafa mai marar nauyi wanda bai toshe fata, a kare ta daga rana, domin rana ita take mai da ɗan tabo ya zama baƙin tambari. A riƙa canza rigar matashin kai. A goge waya, wannan da muke mannawa a kumatu daga asuba. A wanke hoda kafin a kwanta, komai gajiya. Idan mai kantin magani ya ba da abin shafawa mai suna a jiki, a yi amfani da shi yadda ya ce, a ba shi makonni, domin fata ba ta san gaggawa ba, kuma sauri shi ke haifar nawa.

Amma me muke gani? Yarinya ta zo mini da kumatu a saɓule, na ce me ya same ki, ta ce man goge baki ta kwana da shi. Wata lemun tsami ta matsa ta fita rana. Wata tafarnuwa ta daka ta ɗaure da filasta har ta ƙone ta. Wata kuma yayarta ce ta danne ta a cinya ta matse mata da farce, farcen da ya gama yankan albasa. Kowa a gida likita ne in dai fuskar ba tasa ba ce, wanzami dama ba ya son jarfa. Kuma abin da yake tura yaran nan ga wannan ɓarna, bakinmu ne. Ka dawo daga aiki, ba ka ce sannu da gida ba, ka ce, "Wai fuskar nan taki ba za ta gyaru ba ne?" Ki je suna, ki kama haɓar 'yar mutane a gaban jama'a ki ce, "Ke kuwa ba kya wanka ne?" Ƙurji ba ƙazanta ba ne, ba kuma laifi ba ne. Duk wanda ya mai da shi abin gori, da hannunsa a cikin kowane tabo da ya biyo baya.

Batu na uku, abin da ake yi a shago, da inda hannunmu ya kamata ya tsaya. Muna da aiki, kuma aiki ne mai daraja, ba na yarda kowa ya raina shi. Mu wanke, mu turara, mu cire masu baƙin kai da ƙarfen da aka dafa, da safar hannu sabuwa ga kowace fuska. Mu kwantar da fatar da ta fusata, mu koya wa mace yadda za ta riƙe ta a gida, mu saurari kukanta, domin rabin masu zama a kujerarmu kunne suka zo nema. Wannan namu ne. Amma ƙurji mai zurfi ba namu ba ne, mai barin rami ba namu ba ne, mai ciki ba tamu ba ce, ƙwayar sha ba tamu ba ce, allura ba tamu ba ce. Na likita ne, kuma faɗin "je ki asibiti" bai taɓa rage wa mai sana'a daraja ba. Wadda ta tura mace asibiti ta rasa cinikin yini ɗaya. Wadda ta riƙe ta, garin neman gira take sa a rasa ido.

To ga yadda aka yi da Fara'a. Ƙanwar mijinta, yarinya mai son ta tsakani da Allah, ta ga tana rufe fuska da mayafi in za ta makaranta, sai ta sayo mata robar nan a hannun wata mai yawo da jaka ofis-ofis. Ta ce mata, "Anti, kada ki ji komai, dubi tambarin, na ƙungiyar su Goggo ne." Kun ji abin da ya ci yarinyar. Ba ta yarda da mai jaka ba, ba ta yarda da man ba, da mu ta yarda. Da sunana ta yarda.

Da farko abin ya yi kamar sihiri. Ƙurajen suka kwanta, fuskar ta yi haske, malaman makarantarsu suna tambayarta sirrin. Ba ta gaya mini ba, ta san abin da zan ce. Sai fatar ta fara yin laushin da ba na lafiya ba, ta yi sheƙi, jijiyoyi ƙanana suka fito a kumatu. Sai wasu sababbin ƙuraje suka feso, ƙanana, jajaye, duk girmansu ɗaya, daga goshi har wuya. In ta daina shafawa, fuskar ta ɗau zafi kamar an watsa mata ruwan zafi. In ta koma, ta lafa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ranar awo ma'aikaciyar jinya ta ɗaga mata mayafi, ta kama hannunta ta kai ta ɗakin likitar fata. A nan aka kira ni, na biya ta ɗakinta na ɗauko robar.

Ina tsaye likita ta buɗe robar, ta sunsuna, ta lakato ta murza tsakanin yatsu biyu, sai na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Hajiya, taɓa ki ji." Na taɓa, na ji tsaki-tsaki, kamar garin da bai gama niƙuwa ba. Ta ce, "Fatar ta nuna mini akwai maganin kumburi mai ƙarfi a ciki, wannan na san yadda zan bi da shi. Abin da ban sani ba shi ne wannan garin. Akwai masu zuba zaiba don haske. Akwai masu daka ƙwayoyi su zuba, kuma cikin magungunan ƙuraje akwai waɗanda ba a yarda mai ciki ta kusance su ba. Yana iya zama ba komai, yana iya zama wani abu. Zan aika a gwada, amma sakamako yana ɗaukar lokaci, ciki kuwa ba ya jira. Ki samo mini wadda ta haɗa, magana biyu za ta gaya mini in san abin da zan duba." Fara'a tana zaune a bakin gadon gwaji, hannunta a kan mararta. Ba ta tambayi fuskarta ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Goggo, shi fa?" Na ɗauki robar na fita neman wadda ta haɗa.

Wannan ya kawo ni batu na huɗu, wanda shi ne ainihin ciwon, kuma namu ne mu kaɗai. Muna da wata al'ada a sana'ar nan da muka gada muka riƙe kamar addini: ba a tambayar haɗi. Kowace mai shago da haɗinta, sirrinta ne, jarinta ne. A rufe ƙofa ake yi. A matse magunguna a kwano, a yayyage kwalayensu, a kankare sunan da ke jiki, a kai shara can nesa don kada maƙwabciya ta tona bola ta gane. Ɗaliba ta shekara tana share shago ba a bar ta ta ga abin da ake zubawa ba. Kuma mun sa a dokar ƙungiya cewa mamba ba ta tambayi 'yar'uwarta abin da ke cikin haɗinta, wadda ta tambaya ta yi rashin ladabi. Muka zuba duka a roba iri ɗaya don kada a gane na wane ne, sannan muka manna tambari ɗaya don a yarda da mu duka. Mun raba amana a tsakaninmu, alhaki kuwa mun bar shi ba mai shi.

Na kamo mai jakar. Ba ta gudu ba, ba ta yi mini ƙarya ba. Ta zazzage jakarta a kan teburina, robobi suka gangaro, duk farare, duk shuɗin murfi, duk da tambarinmu. Ta ce, "Goggo, wallahi daga shaguna da yawa nake ɗauka, in sun shiga jaka sun zama ɗaya. Ke kanki za ki iya bambance su?" Ban iya ba.

Sai na ɗauki robar na bi layinmu shago-shago, da ƙafata, da girmana, ni da na koya wa rabinku riƙon ƙarfe. Kun san na zo, kada wadda ta sunkuyar da kai yanzu kamar ba ta gane ni ba. An ba ni kujera, an ba ni ruwan sanyi, an tambayi gwiwata. Da na fito da robar sai fuska ta canza. Wata ta ce, "Goggo, ai kin san doka." Wata ta ce, "Ni ba na amfani da wannan turaren." Wata ko buɗewa ba ta yi ba, ta tura mini ita da bayan hannu ta ce, "Allah ya ba ta lafiya." Wata kuma, wadda ta fi ƙona mini rai, ta ce, "Ki yi haƙuri, in aka fara faɗin haɗi yau, gobe kowa ya zama mai shago." Na ce mata rai ne fa a ciki. Ta ce, "Allah zai kare." Allah zai kare, gaskiya ne, amma Allah bai ce ki daka ƙwaya ki zuba a mai ki sayar wa fuskar da ba ki taɓa gani ba. Da na kawo kuka ga shugabanni, aka ce za a sa maganar a cikin sauran batutuwa na taro mai zuwa. Ranki ya daɗe, da girmanki da komai, taro mai zuwa ya yi wa cikin nan nisa.

Wane irin sirri ne wannan da ya fi ran ɗan mutum? Sirrin sana'a yana cikin hannu, yana cikin ido, yana cikin sanin fatar da ke gabanki. Abin da ba za ki iya faɗa wa likita ba, ba sirri ba ne, abin kunya ne. Mai kantin magani yana zaune a nan, kowane kwali a kantinsa an rubuta abin da ke ciki, kuma bai rufe kanti ba saboda haka. Mu ne kaɗai muke tsoron a karanta mu. Kuma ku tuna, robar nan ba ta san gidan da za ta shiga ba. Yau ta shiga gidana, gobe jakar nan za ta bi ta ofishin da 'yarki take aiki, ta sayi haɗin uwarta ba ta sani ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina roƙon wannan taro, yau ba gobe ba, a gaban baƙinmu, ya soke dokar nan ta hana tambayar haɗi. Kada tambarinmu ya sake hawa kan murfin da babu sunan mai shago da sunan abin da ke ciki. Kada a sake sayar wa fuskar da ba a gani ba. Maganin asibiti ya koma asibiti. Ɗalibai kuma, in uwar ɗakinki ta ce ki fita za ta yi haɗi, ki fita, amma ki san abin da ake koya miki a wannan lokacin ba sana'a ba ce. Wannan na ƙungiya ne, ku yi muhawara, ku kaɗa ƙuri'a, ku zage ni a hanyar gida in kun so, na saba.

Saura tsakanina da ke, 'yar'uwata, ke da kika haɗa. Ban san ki ba, amma ke kin san kayanki, domin mai haɗi tana gane haɗinta ko a cikin duhu. Launinsa ruwan ƙwai ne mai haske. Ƙamshin fure ne a sama, warin magani a ƙasa. Akwai 'yar leda da aka yanka zagaye aka shimfiɗa a ƙarƙashin murfin. In an murza, akwai gari. Ina fushi da ke, ba zan ɓoye ba, fushin da ya hana ni cin abinci. Amma ba sunanki na zo nema ba, ba shagonki na zo rufewa ba. Na san ba ki zauna kin ce bari in cuci mai ciki ba. An koya miki a rufe, kin yi a rufe. Magana biyu kawai nake roƙo, kuma ba ni za ki gaya wa ba.

Likita tana can baya, a ƙaramin ɗakin da muke tara kujeru, bayan ƙofar nan ta hagu. Ni na roƙe ta ta bar babban teburi ta zauna a can, ta kuma yi mini alkawarin cewa abin da ya shiga kunnenta ba zai fito da suna ba. Yanzu zan rufe da addu'a, kuma zan ja ta da tsawo. Ina roƙon kowa ya ɗaga hannu, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Mai hoto, ka kife kyamararka. Masu waya, ku sa a jaka. Wakilin ma'aikata, ka ara mini idonka na ɗan lokaci, zan mayar maka. Ranki ya daɗe shugaba, har ke. Ni ma ga nawa na rufe. Duk wadda take zargin ko nata ne, ko da zargi ne kawai, hanya a buɗe take.

Ya Allah, kai ka halicci fata, ka san abin da ke ƙarƙashinta, ka san abin da ke cikin mahaifa, ka san abin da ke cikin kowace roba. Ya Allah, ka ba Fara'a lafiya, ka tsare abin da ke cikinta, ka sauke ta lafiya, ka mayar da ita gaban ɗalibanta ba tare da mayafi a fuska ba. Ya Allah, duk wata yarinya da take kuka a gaban madubi, ka sanyaya mata zuciya, ka haɗa ta da hannu mai tsoronka. Ya Allah, ka sa wa sana'armu albarka, ka tsarkake abincinmu, kada ka ciyar da 'ya'yanmu da abin da ya ƙona fuskar 'ya'yan wasu. Ya Allah, ka ba mai nauyin ƙafa ƙarfin tashi.

Na ji kujera ta motsa. Kada wanda ya ɗaga kai. Allah ya yi miki albarka, ko wace ce ke, Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika taimaki yarinyar nan.

Ya Allah, ka saka wa shugabanninmu da alheri, ka ba su ƙarfin gyara abin da suka tarar. Ka saka wa likita, da wakilin ma'aikata, da mai kantin magani. Ɗalibanmu da za su fita yau, ka sa hannunsu ya zama waraka.

Na ji wata kujerar. Ga wata kuma, ta wannan gefen. Ba na ƙirgawa, kuma ba zan buɗe ido ba. Ashe ba roba ɗaya ba ce, ashe ba Fara'a ɗaya ba ce. Ku tafi a hankali, 'yan'uwana, ƙofar tana ƙara, ku riƙe wa juna ita. Jama'a, ku ƙara haƙuri, hannu ya gaji na sani, amma addu'ar ba ta ƙare ba sai ta ƙarshensu ta shige.

Ya Allah, ka yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Ka zaunar da gidajenmu lafiya, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka mayar da kowa gidansa lafiya, ka sa mu sake taruwa da fuskokin da ba ma jin kunyar haɗa ido. Amin.

Na gode.